Akwatin da Aka Ɗaura wa Rijiyar Labaran

Idan ka miƙa wa Labaran goro, sai ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ɗan karce shi da farce kafin ya ce ya gode. Kuma fa goro sana'arsa ce, gadonsa ne tun kaka da kakanni. Haka Allah ya yi shi. Bai taɓa yarda cewa abu yana nan yadda aka ce yake ba. In ka gaishe shi da fara'a, zai wuni yana tunanin abin da kake nema a wurinsa. In kuwa ka wuce ba ka gaishe shi ba, to shi ke nan, ya gano ka.

A Jugu aka haife shi, a unguwar Zango, tun Faransa na riƙe da ƙasar. Kakansa madugu ne, gidansu kuma masaukin fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro. Kakan ne ya haƙa rijiya a ƙofar gidan saboda ayari, mutane su sha, jakuna su sha. Ko da Labaran ya zama magidanci, ayari ya mutu, kamiyo, babbar motar kaya, ya kori jaki, ɗakunan baƙi sun zube ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage na sunan gidan sai rijiyar nan. Rijiyar Madugu ake ce mata, kuma rabin unguwa a nan suke ɗiba. Labaran ba shi da dukiya, ba shi da sarauta, karatunsa ma bai yi nisa ba. Amma in ya zauna a kan tabarma da safe yana jin ƙarar guga da hayaniyar mata, kowace ta wuce ta rusuna ta ce, “Ina kwana, maigida,” wallahi ji yake babu wanda ya kai shi a garin.

Zarginsa kuwa, kada a ɗora masa laifi duka. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba wasu mutane suka zo da sanduna masu ja da fari, suka auna filin da ake ɗaure jakuna a da. Suka ce awo ne kawai. Filin ya zama tashar mota, ko sannu ba a ce wa gidan ba. Daga baya wasu suka zo ƙirga huhunan goro, su ma suka ce ƙirga ce kawai. Sai ga sabon haraji. Da aka yi juyin juya hali, kowa ya koma kamarad, aka naɗa delege, wakilin hukuma, a kowace unguwa, Labaran ya ƙara jan bakinsa ya tsuke. Abu guda ya riƙe a ransa: hukuma ba ta auna abin da ba ta da niyyar ɗauka.

Yayarsa Iyatu ce kaɗai ke iya taka masa burki. Ta yi aure a Paraku, gidan wani mahauci a unguwar Lajifarani, da mijin ya rasu ta dawo gida ta karɓi ragamar tsakar gida ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Mace ce mai baki. Ɗanta na fari, Usuman, ya yi lakwal, wato boko, har ya samu aiki a biro, ofishin masu kula da ruwa a Paraku. Ita ba ta kama sunansa, sai dai ta ce “wancan na Paraku,” amma kowa ya san da shi take taƙama.

Sai shekarun fari suka zo. Damina ta riƙa yankewa da wuri, rafuka suka ƙafe, rijiyoyin gari suka fara ja da baya. Rijiyar Madugu ma sai da aka ƙara wa gugarta igiya. Cikin wannan hali ne, wata ranar kaka, Usuman ya iso a motar wani proje, aikin ruwa na Turawa, da akwatin ƙarfe mai ruwan toka, da naɗin waya, da wani guntun ƙarfe mai sheƙi wanda bai fi tsawon hannun ludayi ba.

Bayan an gaisa an ci abinci, ya ce, “Kawu, an ce a zaɓi rijiyoyi a Jugu a riƙa auna ruwansu. Ni na sa sunan tamu. Za a sa ɗaya kuma a gidan Ɗanbala, can bayan kasuwa.”

“Auna,” in ji Labaran.

“Awo ne kawai, Kawu.”

Tabɗi! Da Usuman ya san abin da kalmomin nan suka tayar, da ya haɗiye su. Labaran ya gyara zama, ya ce, “To, ɗana, nuna mini yadda abin yake aiki. Kada ka rage komai.”

Usuman ya ji daɗi, ya ɗauka sha'awa ce. Ya ɗaga guntun ƙarfen ya ce wannan shi ne zai nutse cikin ruwa. A bakinsa akwai wata fata ta ƙarfe, siririya ƙwarai. In ruwa ya yi yawa a kansa, ya danne ta sosai. In ruwa ya ragu, ta ɗan saki. Wannan dannawa da sakin su ke sa wutar da ke bin waya zuwa sama ta ƙaru ko ta ragu.

“Wutar ba ta da ƙarfi, Kawu, ko ƙuda ba za ta kashe ba. Shi ya sa in ta shiga akwati sai a fara ƙara mata ƙarfi. Sannan a tace ta, don in guga ta faɗa ruwa ya yi tambal-tambal, kada akwatin ya ɗauka rijiya ce ta cika. Bayan nan sai ya mai da ita lamba.”

“Ta yaya wuta za ta zama lamba?”

“Kamar mai awon dawa ne. Dawa na zubowa ba yankewa, amma shi da mudu yake ƙirgawa. Abin da bai cika mudu ba, ba ya shiga ƙirga. Akwatin yana da nasa mudun, ƙarami ƙwarai. Ya auna wutar, ya samu lamba, ya ajiye ta a kaset. Mu kuma mu ɗauki kaset ɗin mu kai Paraku.”

Ya nuna masa wata 'yar taga a jikin akwatin, da maɓallin da in an danna lambar za ta fito. Labaran ya iya lambobin boko, cinikin goro ya koya masa.

“Dare da rana yake kallon rijiyata?”

“A'a, batir ba zai ɗauka ba. Barci yake yi. Da hantsi ya farka ya duba, bayan la'asar ya sake dubawa. Za ka ji ya yi ƙas. Abin da ya faru a tsakani bai sani ba.” Usuman ya zura ƙarfen cikin rijiya har ya nutse, ya naɗe ragowar wayar ya ɗaure a jikin gungumen da ke bakin rijiyar. “Abu ɗaya nake roƙo, Kawu. Kada kowa ya taɓa ɗaurin nan. Shi ƙarfen bai san inda yake ba. Nauyin ruwan da ke kansa kawai ya sani.”

“In lambar ta yi ƙasa fa? Me za a yi wa rijiyar?”

Usuman ya sosa ƙeya. “Gaskiya ba a gaya mana ba tukuna. Ina jin taimako za a yi.”

Ina jin! Labaran ya kalli ɗan 'yar'uwarsa, ya kalli agogon da ke hannunsa, ya yi murmushi ya sa masa albarka. Amma duk abin da yaron ya faɗa ya shige kansa ya zauna daram, kamar wanda aka karanta wa sirrin abokin gaba.

Matan unguwa suka raɗa wa ƙarfen suna ɗan-nutso. Wasu suka ce shi ke shanye ruwan. Wasu suka ce yana jin hirar da ake yi a bakin rijiya yana kai wa delege, har aka daina gulmar kowa a wurin, abin da limamin unguwa ya yi shekaru yana wa'azi a kai bai samu ba. Labaran bai yarda da waɗannan ba, shi zarginsa ya fi nasu tsari. Kullum sai ya danna maɓalli ya duba. Kullum lambar na raguwa.

Da rani ya kama, ya kai goro Paraku. Yana tsaye a Gar, wajen tashar jirgin ƙasa, ana sauke masa kaya, sai idonsa ya faɗa kan wata rijiya da ya sani tun yana saurayi, ta wani tsohon masauki. An shafe bakinta da siminti, sumul, ba ko kafar da allura za ta shiga. A gefenta ga sandar ƙarfe irin wadda aka kafa wa akwati a ƙofar gidansa.

Ya kira wani ɗan dako ya ce, “Kai, me ya sami rijiyar nan?”

“Masu ruwa ne suka zo suka auna ta, Baba. Suka ce ta mutu, suka rufe.”

Abin da ɗan dakon bai faɗa ba, domin ba a tambaye shi ba, shi ne baƙin man garejin da ke kusa ne ya tsiyaya cikinta har ruwan ya zama guba. Da Labaran ya buɗe baki ya tambayi Usuman, da ya ji haka. Ai a gidansa ya sauka ranar, a Lajifarani. Matar Usuman ta yi masa tuwo da miyar kuka da nama zuƙu-zuƙu. Amma me? Yana shiga gidan ya ga sabuwar mobilet, ƙaramin babur, a jingine a zaure. Ya ci tuwon yana satar kallonta. Yaron da aka fara biyan albashi shekaranjiya, ina ya samu wannan? A ransa ya ce, to, an sayi yaro, kuma da rijiyar kakansa za a biya.

Usuman ya ce, “Kawu, yaya baƙonka na bakin rijiya?”

“Lafiya lau yake. Muna kula da shi.”

Ya dawo Jugu da shawara a cikinsa. In rijiyar da ta mutu ake rufewa, to tasa ba za ta mutu ba, ko da a cikin akwati ne.

Ya fara da doka. Ya ce daga yau ba mai jefa guga da safe sai akwati ya yi ƙas, haka kuma tun daga azahar har bayan la'asar. Ya lura cewa in an bar rijiya ta huta ruwa na ɗan tarowa, sai akwatin ya farka ya tarar da ita a cike gwargwado. Da ya yi ƙas ya koma barci, sai mata su afka mata su kwashe. Matan suka yi ta gunaguni, ga rana, ga tuluna a jere, ga yara na kuka.

Iyatu ta fito da zani a ɗaure a ƙirji ta ce, “Labaran, yaushe ka zama ɗan sandan ruwa? Mutane su bar girki su zauna jiran akwati ya yi tari?”

“Yaya, aikin ɗanki nake gyarawa. Ya ce girgizar guga na rikita abin.”

Jin an ambaci na Paraku, sai ta sauko. Har ita ta koma korar matan da suka yi sammako.

Dabarar ta yi aiki na ɗan lokaci, daga baya lambar ta ci gaba da zamewa. Sai ya tuna da ɗaurin da aka ce kada a taɓa. Wata Juma'a, ana dawowa daga masallaci unguwa ta yi tsit kowa na cin abinci, ya kwance ɗaurin ya saki wayar kamar tsawon ɗan yatsa, ya mayar ya ɗaure. Ya danna maɓalli. Lambar ta hau! Kai, daɗin da ya ji ranar, ko ranar da aka haifa masa ɗan fari bai ji irinsa ba. Ashe abin nan da ake ta yi wa kwarjini wawa ne. Daga nan duk lokacin da ruwa ya sauka, sai ɗan-nutso ya bi shi ƙasa. Kuma da yake Labaran ba sakarai ba ne, ba ya saki da yawa a lokaci guda, kada a ga tsalle a Paraku. Yakan ma bar lambar ta ɗan ragu, don ƙarya ta yi kama da gaskiya.

Ba wanda ya zo ya kama shi. Man mota ya yi wuya a shekarar, Usuman na can yana zagaya ƙauyukan Borgu, direba kawai ake aikowa ya canza kaset da batir. Shi kuwa direba ko leƙa rijiyar ba ya yi, burinsa ya karɓi goronsa ya juya.

Labaran ya ga bai kamata ya ci alherin nan shi kaɗai ba, sai ya taka har bayan kasuwa wurin Ɗanbala. Ɗanbala mai sayar da gishiri ne, ƙato, mai son barci, wanda ko rufin shagonsa ya yi yoyo sai dai ya matsar da tabarma. Labaran ya ja shi gefe ya raɗa masa komai, har da rijiyar Gar.

Ɗanbala ya yi hamma ya ce, “Malam Labaran, ni ina zan iya wannan wahala? Tawa ta kusa ƙafewa, kowa na gani. In za su rufe su rufe, su huta in huta.”

Labaran ya tafi yana tsaki. A hanya ma sai da ya yi zargin ko Ɗanbala ɗan rahoton delege ne, ya yi nadamar buɗe masa ciki.

Bazara ta zo da zafinta, ɗan-nutso ya taɓa ƙasa. Babu sauran inda za a sake shi. Ruwan da ya rage a Rijiyar Madugu bai fi a kwarfa da ƙoƙo ba, ja, mai laka, sai an bar shi ya kwanta kafin a sha. Wani mai hankali da a nan ya tsaya. Labaran kuwa ya je tashar mota ya samo dogon bututun ƙarfe, ya kai wa maƙeri ya toshe masa gindi, ya zura shi cikin rijiya ya ɗaure a tsaye. Ya jefa ɗan-nutso a ciki, ya cika bututun da ruwa. Ya danna maɓalli. Lamba ta koma inda take so.

Sai dai toshin maƙerin na yoyo. Kullum kafin hantsi sai an ƙara ruwa, kullum kafin la'asar sai an ƙara. A lokacin da mata ke tafiya har bakin rafi suna tonon yashi, a lokacin da ake yi wa yara wanka da abin da bai fi kofi ba, ana ɗura wa bututu ruwa mai kyau.

Iyatu ta ce, “Wannan kuma wace sabuwar hauka ce?”

“In ƙarfen ya bushe fashewa zai yi, Yaya. Kayan Turawa ne. Ɗanki za a kama.”

Allah sarki, Iyatu. Ita da kanta ta riƙa rage ruwan alwalarta tana kawowa a buta, tana ɗurawa a bututu tana cewa, “Sha, ɗan nema, kada ka ja wa yaro magana.” Labaran na gani, kuma abin na sukar sa, ba zan ce ba ya sukar sa ba. Amma ya gaya wa kansa cewa gidan yake karewa, har da ita a ciki.

Da ruwan sama ya sauka rijiya ta farfaɗo, ya zare bututun ya ɓoye a rumbu, ya naɗe wayar ya mayar da ɗaurin daidai inda ya same shi. Ya yi ajiyar zuciya. Ya ci hukuma da yaƙi, ba ta ma san an yi ba.

Damina na ƙarewa sai ga motoci a ƙofar gida. Usuman ne, da delege, da wani Bature mai jan wuya, da magina. Unguwa ta taru. Usuman ya durƙusa ya gaida kawunsa, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka.

“Kawu, albishirinka! An duba kaset na dukan rijiyoyin Jugu. Kowace ta faɗi warwas a bazara, ban da tamu. Mutanen biro har mamaki suke, sun ce kakanmu a kan jijiyar ruwa ya haƙa.”

Mutane suka yi ta kabbara. Wasu matan dai suka kalli juna, don sun san lakar da suka sha, amma wa zai ƙaryata akwati a gaban Bature?

Labaran ya ce, “Alhamdu lillahi. Sai ku kwashe kayanku ke nan.”

“Ai yanzu aka fara, Kawu. Rijiyoyin da suka faɗi, irin ta Ɗanbala, za a kawo injin fasa dutse a ƙara musu zurfi, a jera musu zobban siminti. Masu ƙarfi kuwa ba sa bukatar haƙa. Murfi za a yi musu a kafa famfo, don ruwan ya zauna da tsabta. Tamu ce ta farko.”

Labaran ya ji kamar ƙasa ta tsage. Ya ce, “Murfi? Na siminti?”

“Na siminti, Kawu, mai kyau.”

“Ba na so.”

Delege ya gyara hularsa ya ce, “Kamarad Labaran, ruwa na jama'a ne. Ko akwai wani dalili da kake da shi?”

To, ga ƙofa an buɗe masa. Kalma kaɗan ce: rijiyar ta ƙafe, ni na yi wa akwatin ƙarya, ku haƙa mana. Ta zo masa har maƙogwaro. Ya kalli delege, ya tuna mutanen da aka tafi da su a kan abin da bai kai taɓa kayan hukuma ba. Ya kalli Usuman, wanda ya sa hannu a kan lambobin. Sannan tsohon ciwon ya motsa, ya raɗa masa cewa wannan zancen ƙara zurfi ma wa ya sani, wataƙila tarko ne don mutum ya tona kansa. Ya haɗiye maganar.

“Babu,” in ji shi.

Yana zaune a kan tabarmarsa aka cire gungumen da kakansa ya ɗora, wanda igiya ta yi wa zane-zane. Yana kallo aka zuba siminti. Yara suka yi ta rububin taɓa hannun famfon, ruwa ya fito fari tas, aka yi guɗa. A bayan kasuwa kuwa injin ya yi ta ruri a gidan Ɗanbala har ya huda dutsen da ya gagari masu haƙa tun zamanin da, ruwa ya ɓulɓulo. Ɗanbala na kwance a shago aka je aka gaya masa.

Famfon ya yi aiki har tsakiyar rani. Sai ya fara tari. Sai ya fara amai da laka. Wata safiya mata suka yi ta bugu har kafaɗunsu suka gaji, ba abin da ya fito sai iska mai ɗumi. Da can in ruwa ya ja baya akan zura ƙoƙo a kwarfo abin da ya samu. Yanzu ko wannan babu, siminti ya hana.

Aka aika wa Usuman, ya zo a kan mobilet ɗinsa ya yi ta dube-dube, ya rasa gane kan abin. Ya ce, “Ba zai yiwu ba. Bara ko a bazara akwai ruwa fiye da tsayin mutum a kan ƙarfen.”

Iyatu na tsaye da buta a hannu. Ta ce, “A cikin bututun dai.”

“Wane bututu, Inna?”

Ta gaya masa, da zuciya ɗaya, har tana jiran ya gode mata. Usuman ya zauna a kan simintin ya dafe kai. Da ya yi mata bayani, ta ajiye butar. Sannan ta juya wurin ƙanenta. Duk unguwa an san Iyatu da faɗa, amma ranar muryarta ƙasa-ƙasa ta fito.

“Labaran, da ruwan alwalata ka sa na kashe rijiyar kakanmu?”



Usuman ya ce, “Kawu, me ya hana ka tambaye ni? A gidana ka kwana.”

“Na ga mobilet,” in ji Labaran, yana kallon ƙasa.

“Ta aiki ce. Ko tayarta ba tawa ba ce.”

Usuman ya yi iya ƙoƙarinsa, ya faɗi gaskiya a biro, ya sha faɗa har ya kusa rasa aikinsa. Amma proje ya ƙare, Baturen ya koma ƙasarsu, injin fasa dutse an ɗora shi a jirgi an yi Kwatano da shi. Delege kuma ya ce kayan jama'a ba mai fasa shi. Matan Zango suka koma bin hanyar bayan kasuwa da tuluna. Ta gaban tabarmar Labaran suke wucewa, suna gaishe shi dai, don ba su da rashin kunya, amma ba mai tsayawa.

Kada ka ɗauka ya daina zargi. Ina! Har ya tsufa yana cewa akwai abin da ba a gaya masa ba. Sai dai ya daina faɗa a gaban Iyatu. Da zamanin kamarad ya wuce, aka daina jin tsoron delege, ya samo guduma ya farfasa simintin da hannunsa, tsofai-tsofai da shi, ya hana kowa taya shi. Ya kira masu haƙa, suka shiga suka fito suka ce dutse ne, sai inji. Rijiyar ta koma ba da ruwa daga damina zuwa tsakiyar rani, daga nan sai ƙura da kwaɗi.

Da a damina Allah ya karɓi ransa, da abin ya zo da sauƙi. A tsakiyar bazara ya rasu, da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Liman ya ce a kawo ruwan wanka. Wani ya jefa guga a Rijiyar Madugu, aka ji ta bugi dutse. Kakansa da ubansa da uwarsa, duk da ruwanta aka wanke su. Iyatu, wadda a lokacin da ƙyar take miƙewa, ta ƙi yarda a aiki kowa. Ta ɗauki tulu ta dogara sanda har bayan kasuwa.

Ɗanbala ya taso da kansa ya ja mata ruwan. Ya ce, “Allah ya ji ƙansa, Iya. A ƙaro wani?”

Ta ce, “Wannan ya isa. Ba shi da jiki.”